Fegi Ukun da Baba Ya Zuba wa Taki

Ya kamata in fara da cewa ban amince da ƙwaƙwalwata sosai ba. Kwana arba'in ke nan da muka kai Baba makwancinsa, abubuwan da zan faɗa kuwa wasu sun kusa shekara uku. Na duba littattafan da nake rubuta aikin fili a ciki ko za su taimake ni, sai na tarar babu komai cikinsu sai tsawon ciyawa da yawan ruwan sama. Ko sau ɗaya ban rubuta abin da ya ce ba. Maganganunsa da za ku gani a nan daga kaina na ɗebo su. Mai yiwuwa na sauya kalma, ko na ɗauki zancen wata rana na kai wata.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba shi ne mahaifin Yaya, nas ɗin nan ta Greenbelt wadda kusan duk ɗalibin da ya sauka jami'ar College Park, a nan Maryland, daga gida ya ci tuwonta. Mutumin Bukuru ne. Ya zo a yi masa aikin ido, aka yi, Yaya ta ce ba inda za shi sai ya huta, hutun ya zama shekara huɗu.

Ranar zaman makoki takalma sun cika bakin ƙofa har sun gangara matakala. Mijin Yaya ya gaji da yi wa mutane bayanin dalilin da ya sa ba a kai gawar gida ba, daga baya duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ƙasa duk ta Allah ce," ya miƙa masa ruwa. Wata abokiyar aikin Yaya, 'yar Kagoro, wadda ke zaune a benen ƙasa, ta ce duk sanda ta dawo aiki sai ta ji muryar Baba daga sama: "Sannu, 'yar dutse, yau mutum nawa kika soka wa allura?" Ta ce yanzu idan ta iso sai ta ɗaga kai, ta manta. Wani likita daga Takoma Park ya tuna ranar da Baba ya tsare shi a taga yana nuna masa masu yankan ciyawa. "Likita, kai da ka yi karatu, gaya min. Sun shuka ta, sun ba ta ruwa, sun yanke ta, sun ɗure a leda. Ko tunkiya ɗaya ban gani ba. Lafiyarsu kuwa?" Aka yi dariya, Yaya ma ta yi, tana share ido.

Sai ta juyo gare ni. A gaban kowa ta ce, "Wannan ƙanin nawa shi kaɗai ya fitar da Baba ya taka ƙasa ta gaskiya a garin nan. Allah ya yi maka albarka." Aka amsa da amin. Ni ma na ce amin, na sunkuyar da kai, aka ɗauka kuka nake yi.

Yaya ba ta san cewa na yi wa mahaifinta tsawa a kan wani tudu ba, na gaya masa maganar da ba a gaya wa dattijo, kuma har ya rasu ban je na nemi gafararsa ba. Na daɗe ina tunanin ko ya dace in rubuta wannan a takardar ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna nan. Ban tabbata ya dace ba. Amma na kasa rubuta ta'aziyyar da babu shi a ciki.

Sai na ɗan yi bayanin aikina, don ba kowa ya sani ba. A yammacin Maryland, tafiyar kusan awa uku a mota, akwai tuddai da aka yaye bayansu aka kwashe kwal. Idan an gama, doka ta sa kamfani ya mayar da ƙasar, ya daidaita ta, ya watsa irin ciyawa. Ƙasar da ake mayarwa ba irin ta da ba ce. Tsakuwa ce baƙa da yumɓu, ga tsami, manyan motoci sun danne ta ta yi tauri kamar daɓe. Binciken digirina shi ne in ga yadda ciyawa ke dawowa a irin wannan wuri. Ina da fegi goma sha biyu a kan tudu ɗaya, kowanne an kafa masa turaku an ja igiya. Wasu an zuba musu garin farar ƙasa don kashe tsami, wasu takin zamani, wasu duka biyu. Uku kuma an bar su haka nan, ba a ba su komai ba. Waɗannan ukun su ne ma'aunin sauran. In ba su, ba yadda za a yi in ce taki ne ya yi aiki, ba ruwan sama ko iska ba.

Baba ya fara bina ne saboda zaman gida ya ishe shi. Wata Juma'a a gidan Yaya aka tambaye ni me nake karanta, na ce ciyawa, aka yi min dariyar da aka saba. Shi bai yi ba. Ya ce, "Ciyawar ina?" Da na ce ta inda aka yi haƙa, sai ya ajiye cokalinsa. Ashe shekara kusan talatin ya yi a haƙar kuza, daga mai ɗaukar kwano har ya zama hedima, shugaban leburori. Ya ce sai na kai shi ya ga wurin. Washegari da na zo ɗaukarsa na same shi a ƙasa yana jira, da buta da darduma da rigar sanyin mijin Yaya, ko da yake lokacin zafi ne.

Ranar farko, da muka hau tudun, ya cire takalmi. Na ce akwai tsakuwa mai kaifi, ya ce ƙafarsa ta girme ta. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa, ya murza, ya ɗora a harshe, ya tofar. "Tsami. Ta fi tamu ma." Ni sai da na kai ƙasar nan ɗakin gwaji na jira mako biyu kafin in san haka. Na gaya masa, ya ce, "To ai ka tabbatar, ɗan boko. Ni zato nake." Da wannan suna yake kirana, ɗan boko, ko kuma ɗana idan zai roƙe ni in tsaya ya yi alwala.

Ina da wani katako mai kusurwa huɗu da nake ajiyewa a ƙasa in ƙirga abin da ya tsiro a cikinsa. Wannan ya ba shi dariya ƙwarai. Yakan zauna a kan dutse ya ce, "Nawa ne yau? Kada ka manta waccan, ta ɓuya bayan 'yar'uwarta." Amma idonsa da aka yi wa aiki ya fi nawa gani. Shi ya fara nuna min wata ciyawa mai ja-ja da ta fito can gefe, inda ba wanda ya shuka ta. Ya shafa ta ya ce, "Wannan ai ƙanwar gamba ce. Me ya kawo ki nan?" Na ce ba na jin haka, ina Filato ina nan. Da na koma na duba littafi, sai ga shi dangi ɗaya ne. Na gaya masa Asabar ta gaba, na ɗauka zai yi murna. Ya ce, "Da ka tambaye ni da na rage maka wahala."

A gindin tudun akwai wani tsohon Bature mai 'yan shanu, shi ma tsohon mai haƙar kwal ne, numfashinsa na fita da ƙyar. Baba na da ɗan Turancin da ya tsinta a wurin haƙa, wanda ni kaina ba na gane rabinsa. Ban san yadda aka yi ba, sai na riƙa hango su a jingine da shinge, suna nuna wa juna tabo a hannu da ƙwauri. Wata rana Baba ya ɗauki goron da Yaya ke sayo masa da ƙyar, ya raba biyu ya ba shi. Tsohon ya tauna, ya ɓata fuska, ya haɗiye don kunya. Baba ya dawo yana cewa, "Mutumin kirki ne. Ƙirjinsa ya tafi, irin na abokaina."

A mota ne ya ba ni labarin da nake ganin shi ne tushen komai, ko da yake wannan fassarata ce, shi bai ce haka ba. Ya ce akwai shekarar da kamfani ya kai su gonar wani manomi a kusa da Barikin Ladi, gonar acca. An biya shi, an ce ya tashi. Mutumin bai yi faɗa ba. Kullum dai sai ya zo ya tsaya a bakin ramin da sandarsa, daga safe har su tashi, yana kallonsu. "Wata huɗu, ɗan boko. Ni ne hedima, ni yake kallo." Bayan shekaru, da aka fara cike wasu ramukan, Baba ya shiga aikin. Aka ba su itacen turare su dasa. Itacen ya tashi, amma ƙarƙashinsa fayau, ko akuya ba ta tsayawa. Inda ya ga ciyawa ta dawo da gaske shi ne inda Fulani suka yi mashekari, shanu suka kwana suka yi kashi. Ya ce ya gaya wa wani jami'i, jami'in ya ce zai rubuta.

Tun zuwansa na biyu ya lura da fegi ukun nan. Sauran sun yi kore, su kuwa tsiro ɗaya nan ɗaya can.

"Waɗannan fa?"

"Ba a ba su komai, Baba."

"Takin ne ya ƙare?"

"A'a. Da gangan ne. Da su ake gwada sauran."

Ya daɗe yana kallonsu. "Wato ka tara yara goma sha biyu, ka ba tara abinci, ka hana uku, don ka gane ko abinci na da amfani."

Na yi dariya na ce kusan haka ne. Daga ranar marayu yake kiransu. In mun iso sai ya ce, "Bari in gaida marayu." Na ɗauka ya fahimta. A nan ne kuskurena na farko yake, ina ji. Na yi masa bayani sau ɗaya, cikin raha, ban zaunar da shi na ce masa shekaru biyu na rayuwata a kan fegi ukun nan suke ba.

Da sanyi ya wuce muka koma, a shekara ta uku ta gwajin, wadda ita ce ta ƙarshe. A lokacin ina sauka rafi in ɗebi ruwa don gwaji, in yi awa biyu ko fiye. Baba yakan ce zai zauna ya yi azahar ya jira ni. Akwai diga da shebur a bayan motata, ban taɓa kulle ta ba. Asabar uku aka yi haka, ko huɗu. Sai jarrabawa ta tsare ni na yi kusan wata ɗaya da rabi ban je ba.

Ranar da muka koma, tun daga nesa na ga abin da bai kamata in gani ba. Fegi ukun sun yi tabo-tabo kore, a jere, tazara daidai kamar shukar dawa. Na ruga. Kowane tabo ɗan rami ne, an fasa daɓen da diga, an cusa kashin shanu, an rufe da ƙasa sama-sama yadda ba za a lura ba. Ramukan sun fi ɗari. Mutum mai shekara saba'in da wani abu, da bokiti, daga shingen tsohon Baturen zuwa kan tudu.

Ya iso bayana yana haki, fuskarsa cike da fara'a. "Ka gani? Ban gaya maka ba don ina so ka gani da idonka. Ƙirga su yanzu."

Zan rubuta abin da na ce yadda nake tuna shi, ba zan rage ba. Na ce, "Baba, wa ya sa ka? Wa ya roƙe ka? Wannan ba gonar gandu ba ce, bincike ne. Abin da ba ka sani ba ka bar wa waɗanda suka sani." Na ɗaga murya har tsohon Baturen ya fito daga rumfarsa. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Irin wannan ne ya kashe ƙasarmu, kowa ya ga abu sai ya sa hannu."

Fara'ar ba ta tafi nan take ba, ta ɗan jima a fuskarsa. Sannan ya ce, "Ni na haƙa ta ai. Shekara talatin ina haƙa. Da na ga irinta a kwance..." Bai ƙarasa ba. Ya juya ya sauka, ya ciro digar da sheburin, ya wanke su da sauran ruwan butarsa, ya mayar bayan mota, ya shiga ya zauna.

Muka kama hanyar gida ta awa uku. Muka tarar da cunkoso a babban titin Beltway, ya ƙara mana rabin awa. Da muka isa Greenbelt ya fita, ya leƙo ta taga ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam." Bai taɓa ce min Malam ba sai ranar.

Ba zan ce fushina ba shi da dalili ba. Da na gaya wa farfesan da ke duba aikina, ya cire tabarau ya murza ido ya ce sai an kafa sababbin fegi, an ƙara aƙalla shekara guda. Sai da na nemi a tsawaita min izinin zama, na rubuta wa mahaifiyata cewa ba zan dawo lokacin da na yi alkawari ba. Farfesan ya tambaye ni wa ya yi. Na ce wani ne da bai san ƙa'idar wurin ba. Ya ce in ci gaba da auna ukun duk da haka, tunda abin ya riga ya faru.

Ga abin da na auna, kuma ina roƙon kada a ɗauke shi fiye da yadda yake. Shekarar farko ramukan sun yi kore shar, amma yawanci ciyayi ne da irinsu ya zo cikin kashin shanun, sanyi na zuwa suka mutu. A shekara ta biyu kusan rabin ramukan sun koma fayau. A sauran kuwa ƙanwar gambar nan ta kama, ta yi gindi, har ta fara fita daga ramin tana bin tsagar ƙasa. A fegin da na zuba wa takin zamani ban gan ta da yawa ba, wataƙila don ciyawar kamfani ta rufe wurin. Ko takin ne ya jawo ta, ko fasa daɓen, ko ramin ne ya tare iri da ruwa, ba zan iya cewa ba. Baba ya yi abu uku a lokaci ɗaya, kuma bai bar ko fegi ɗaya na gwadawa ba. A kundina abin ya samu shafi ɗaya da rabi a can ƙarshe. Da hannuna na buga a tafireta cewa ɓarna ce da ta auku bisa kuskure. Ban ambaci kowa ba.

Shekara ɗaya da wata takwas ya rayu bayan ranar. Za a tambaya me ya hana ni zuwa, ni ma na tambayi kaina. Da farko fushi ne. Daga baya kunya. Sau biyu na je har ƙofar ginin na juya. Mun haɗu a sallar idi, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kyau, ya tambayi karatu, ya tambayi mutanen gida, ya sa min albarka. Mutane na kewaye da mu, na ce a raina ba nan ne wurin ba. Na riƙa zuwa gidan Yaya a ranakun da na san falon zai cika. Sai na tsara cewa zan bari in ga ƙarshen ramukan tukuna, in je masa da hoto, in ce Baba ga marayunka, sannan in nemi gafara. Na ga kamar zuwa da wani abu a hannu ya fi. Yanzu na gane so nake in je ina da abin faɗa ban da "na yi laifi". An wanke hotunan suna cikin jakata lokacin da mijin Yaya ya bugo waya sashenmu ya ce a gaya min Baba ya rasu.

Yaya ta ce da ta tambaye shi dalilin da ya daina bina, cewa ya yi aikin ya ƙare. Bai gaya mata komai ba, bai gaya wa mijinta ba. Na rasa yadda zan ɗauki wannan. Wani lokaci in ce rufa min asiri ya yi, irin na wanda ya yafe. Wani lokaci in ce abin ya yi masa ciwon da ba zai iya maimaitawa ba. Wani malami da na tambaya ya ce in yawaita yi masa addu'a da sadaka, in kuma nemi yafiyar magadansa. Ina yi. Yaya, wannan rubutun neman ne, kuma zan zo da ƙafata kafin ya fito, don kada ki fara ji a takarda.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sa ƙasar baƙunta ta yi masa sauƙi. Allah ya ba Yaya da mijinta da jikokinsa da 'yan'uwansa na Bukuru haƙuri.

A makon jiya na ji cewa Baba, da yake ba ya rubutun boko, kaset yake ɗauka duk wata biyu ya aika wa ƙaninsa a gida ta hannun masu tafiya. An ce yakan cika gaba da baya, yana ba da labarin duk abin da ya gani. Ban san ko an ajiye su ba, ko an ɗauki wani abu a kansu.

Don haka ina roƙon duk wanda ya san Baba fiye da ni, in ya ga na yi kuskure a nan, a shekarunsa ko aikinsa ko maganarsa, ya rubuto ta hannun sakataren ƙungiya, za a gyara a fitowa ta gaba. Wanda ya zauna da shi a watanninsa na ƙarshe, ko ya kai kaset, ko ya saurara a Bukuru, in ya ji ya ambaci tudun nan ko ya ambace ni, ina roƙonsa ya gaya min yadda ya faɗa. Kada a gyara don a sanyaya min rai. In ma bai taɓa ambata ba, wannan ma a gaya min.